Begilar Ƙarfe Shida

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da Hajara da yara. Yaya tarin Ummi? Ka yi haƙuri da rubutun, hannun yaƙi da jahilci ne.

Mun tare a Keffi, amma gidan yana jikin barikin soja. Ashe dokarsu ce, in an busa begilar sauke tuta ƙarfe shida na yamma, kowa sai ya ƙame. Babanku kuwa kunne ya yi nauyi, kuma ta nan yake bi zuwa masallaci. Ranar Talata kowa ya tsaya, shi kaɗai ke tafiya. Wani kofur ya ɗaga masa bulala, sai da wani mai shayi ya ba da haƙuri.

Na ce, "Malam, ka sake hanya mana." Ya ce ya haifi kofur ɗin, ba zai yi zagaye ba. Taurin kan nan ya ishe ni! Yanzu kullum ɓoye masa takalma nake yi har a gama busa, yana ta zagin karen bariki, wai shi ke ɗauke su.

Ka rubuto ka lallashe shi, amma kada ka ambaci takalma. Wuraren ɓoyewa sun kusa ƙare mini.

Ku sa mu a addu'a. Ka gai da surukanka.

Innarka