Kibiya Ba Za Ta Bar Gidan Nan Ba

Damagaram

Zuwa ga ƙanwata Ruma'isa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ke da Inna kuna lafiya.

Karen da Goni direba zai sauke muku a kasuwar Guci sunansa Sezar. Na maigidana ne, Baturen da nake wa gadi, ya ba ni shi kyauta. Tunda kin ce diloli sun ci mana raguna biyu, to ga maganinsu ya zo.

Ita kuwa karyar nan da Baba ya bari, Kibiya, ku kore ta. Da na zo sallah sai da na ji kunya, daga bakin ƙofa mutum zai ƙirga haƙarƙarinta. Ko dai ciwo gare ta, ko mutane su ce a gidan marigayi Labbo ko kare ba ya ƙoshi. Abin da kike ba ta, ki riƙa ba Sezar.

Ki gaida Inna. Yayanki, Mas'udu.

Guci

Yaya Mas'udu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Inna na amsawa.

Sezar ya iso, unguwa duka ta fito kallo, wasu suna cewa ɗan maraƙi ne. Na zuba masa abincin Kibiya, tsaki da ruwan nono da ɗan ƙanzo. Lasa uku ya yi ya ɗago kai yana kallona. Na ninka, na sake ninkawa. Washegari ya kama gudawa, kwana uku yana yi.

Kibiya kuwa rabin ƙoƙo take ci ta bi tumaki har la'asar. Ragunan da kake magana, a makon da ƙaya ta soke ta a ƙafa aka ci su, tana kwance a gida. Tun rasuwar Baba ni ke fita kiwo, ita ke gabana. Kai sau ɗaya kake ganinta a shekara.

Ka yi haƙuri, Yaya. Ba zan kore ta ba.

Taka, Ruma'isa.

Damagaram

Ruma'isa,

Bayan gaisuwa. Yanzu har kin yi girman da zan ce a yi, ki ce ba za a yi ba? Sezar ba karen dusa ba ne, nama yake ci. Ki fita da shi kiwo kwana ɗaya tak, ki ga bambancin kare da ƙashi. Na aika wa Kawu Sidi ya zo ya ɗauke karyar, tunda ke kin fi ƙarfina.

Wassalam. Mas'udu.

Guci

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan iyali lafiya.

Na yi yadda ka ce, na fita da shi ranar Talata. Ka san zafin bazarar bana. Da hantsi yana gaba yana haushi. Kafin azahar ya zube a gindin wata aduwa, harshe waje, ƙafafun baya sun ƙi ɗaukarsa. Ruwan shana duka na juye masa a ciki da wuya. Na bar wa Kibiya tumaki talatin da biyu, na ruga na samo amalanken Tamu maƙwabcinmu muka kwaso shi. Da na koma da yamma, baki a bushe, na tarar ta tara su waje guda. Ko ɗaya bai ɓata ba.

Ranar kasuwa na kai su duka biyun wurin Malam Mahamadou, malamin dabbobi. Ya duba haƙoran Kibiya da idonta, ya latsa cikinta, ya ce, "Wa ya ce miki ba ta da lafiya?"

Na ce, "Yayana."

Ya ce, "To ki gaya masa irinsu jikinsu ba ya ajiye kitse. Ko rago guda kika ba ta, haka za ta tsaya, shi ya sa rana ba ta kayar da ita. Shi kuwa wannan na ƙasar sanyi ne, ga jiki, ga gashi ninki biyu, abin da za ta ci kwana uku shi a yini yake ƙone shi. Ko allurar barci ba ɗaya nake musu ba. In na auna mata yadda nake auna masa, ba lalle ta farka ba."

Kawu Sidi ya zo da igiya. Na tsaya a ƙofar garke na ce sai dai ya ɗaure mu tare. Ya kalle ni, ya kalli Sezar yana haki a inuwa, ya naɗe igiyarsa ya nemi a ba shi fura.

Saura magana ɗaya. Goni ya ce Baturen ya koma ƙasarsu tun bayan sallah, an rufe gidan. Yaya, gadin wa kake yi yanzu?

Ruma'isa.

Damagaram

Ƙanwata,

Salamu alaikum. Goni bai yi ƙarya ba. Wata uku ke nan ina zaune. Karen nan yana cin abin da ya fi na ƴaƴana biyu, uwargida Hindatu ta ce ko shi ko ita. Na kasa zubar da shi a titi, na kuma kasa gaya muku, shi ne na huce a kan Kibiya.

Akwai masu zuwa daga kudu suna sayen karnuka a bakin iyaka, kin san abin da suke yi da su. Ki ba su shi, ku huta. Kada Inna ta ji maganar aikin.

Ki yafe mini. Mas'udu.

Guci

Yaya Mas'udu,

Na yafe. Amma wannan ma ba zan yi ba. Karen da na ɗauko a amalanke ba zan miƙa shi ga wuƙa ba. Yana gadin gida a inuwar rumbu, mahaucin kasuwa yana tara masa ƙashi da tumbi. Kibiya na daji, shi na gida.

Inna ta sani, kuma ba daga bakina ba. Jiya ta sa an share ɗakinka, ta ware irin gero na mutum biyu. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Ka taho da Hindatu da yara kafin ruwan shuka.

Sai ka iso. Ruma'isa.