Ana Hango Labulensu Daga Tagarki

Zuwa ga ƙanwata Nafisa,

Assalamu alaiki wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ƙasar da ta rufe ki ta fi mutanen da ke takawa a kanta tausayi. Ni ce Yaya Hadiza. Tun da na zo jana'izarki ban koma Zariya ba, ina nan unguwarku ta Setapak, a Malesiya. Ke kam ba za ki karanta wannan ba, amma waɗanda suka ci namanki za su karanta, kuma haka nake so.

Kin tuna wayarmu ta ƙarshe? Baƙuwa ce ke a garin, ko hanyar kwaleji ba ki gama riƙewa ba, abokiyar ɗakinki kuma ta tafi hutu. Na ji muryarki ta dushe, na ce ki nemi 'yan gida su kai ki asibiti. Kika ce, "Yaya, na duba ko'ina a waya. Masu canji da masu sayar da turare kawai nake gani." Kika sha maganin maleriyar da Umma ta sa miki a jaka, kika kwanta. Ashe dengi ce, zazzaɓin sauron nan nasu mai tsinka jini. Mai gadin benen ne ya sa aka ɓalle ƙofa.

Wayar da ta kasa nuna miki mutum ɗaya mai taimako, da kika zama gawa sai ta kai ki kowane gida. Wani shafin gulma ya ɗauki hotonki na gama sakandare, ya rubuta yadda 'yan matanmu ke lalacewa a Malesiya. A ƙarƙashin hoton, wannan ya ce ƙwaya ce, wancan ya ce ciki kika zubar, wata ta ce maganin iyayen da ke tura mace ita kaɗai ke nan. Umma a wurin wani bikin suna ta ga labarin, a wayar maƙwabciya, tun Baba bai samu bakin faɗa mata ba.

Ranar wankanki wasu matan Hausawa suka zo, da wata Hajiya Rakiya a gaba. Ashe ƙaramar ƙungiya gare su, matan masu karatun digiri na uku. Duk Asabar suna haɗuwa a saman mamak, gidan abincin nan da kike sayen gurasar roti. Suna kai marasa lafiya asibiti, suna dafa musu abinci, har da ma'aikaciyar jinya a cikinsu. Sun yi shekaru a haka. Ba shafi, ba lamba, ko allo babu a ƙofa. Nafisa, daga tagar ɗakinki ana hango labulensu.

Na tambayi Hajiya Rakiya dalilin ɓoye kansu. Hannunta na ƙamshin kafur ɗin da ta shafa miki, ta ce, "Don Allah muke yi, 'yata, gudun riya muke. Mai rabo Allah zai kawo shi." Na ce, "To ga shi ya kawo muku ita, Hajiya, a makara." Ta fashe da kuka. Ban rarrashe ta ba.

Mutanen kirki ne, abin da ya fi ci min rai ke nan. Da miyagu ne da na samu wanda zan tsine wa na huta. Amma ɓoye sadaka daban, ɓoye ƙofa daban. Yarinyar da zazzaɓi ya kayar ba ta hawa bene bene tana sallama. Wayarta kawai take iya ɗagawa, wanda ba ya ciki kuwa, a wurinta babu shi.

Na matsa musu har suka buɗe shafi, da lamba, da Hausa da Turanci. Shiru, ba wanda ya waiwaya. Sai sakatariyarsu, Maman Ilham, ta same ni kanta a sunkuye, ta ce, "Mutane ba sa tsayawa sai sun ga fuska." Na gane fuskar wa take nufi. Na ba ta hoton nan dai da aka zage ki a ƙarƙashinsa. Kafin la'asar shafin ya cika. Waɗanda suka ce ƙwaya kika sha, su ne suka fara rubuta Allah ya jiƙan 'yar'uwa. Na gane sunayensu. Ban goge ko ɗaya ba, don an ce kowace magana ƙara ɗaga shafin take yi.

Makon jiya wata yarinya 'yar Katsina ta kira lambar daga unguwar Sri Petaling, jikinta kamar wuta. Aka kai ta asibiti, ta tashi. Na je dubiya, na tarar Hajiya Rakiya tana ba ta kunu a baki, uwarta na ta godiya ta waya. Na yi mata sannu, na fito. A bakin lif na tsaya, ina neman farin ciki a zuciyata, ban samu ba. Sa'arki ce, 'yar auta. Har wushirya gare ta irin taki.

Allah ya yalwata makwancinki, ya sanyaya miki fiye da yadda zazzaɓi ya ƙona ki, ya ba Umma barci. Matan nan Allah ya karɓi aikinsu. Waɗanda suka yi miki ƙazafi kuwa, na bar su da shi, ni dai ban yafe ba.

Taki har mu haɗu,
Yaya Hadiza