Dokar da Ta Tumɓuke Sandar Tafkinmu

Zuwa ga Honarabul, ɗan majalisa mai wakiltar mazaɓarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni manomin albasa ne a wani ƙauye na gundumar Kurawa. Da ɓacin rai nake rubuto maka a bainar jama'a, domin duk zuwan da na yi ofishinka cewa ake kana Sakkwato.

Maganar gyaran da kuka yi wa dokar ruwa ce. A da mu ke zaɓen kwamitin tafkinmu, manoma da makiyaya, liman na shaida. Yanzu kun ce daga sakatariya za a naɗo, kuma sai mai takardar makaranta. Ni ma da dokar ta sallama daga kwamitin ban damu da kujerar ba, ɓarnar da ta biyo baya ce ta hana ni sukuni.

Na ɗaya, a da akwai sanda kafe a cikin tafkin, da tsaga a jikinta. Tun kakanni, ranar da ruwa ya ja har tsagar ta fito, kowane mai ban-ruwa zai naɗe tiyonsa, ko albasarsa ta nuna ko ba ta nuna ba. Sauran ruwan na dabbobi ne da mata masu ɗiba, har damina ta faɗi. Na taɓa rasa rabin albasata a kan wannan ƙa'ida, ban kai ƙarar kowa ba.

Na biyu, masu takardun naku da suka zo, shugabansu ya ga sandar ya ɗauka abin tsafi ne. Ya yi mana wa'azi mai tsawo, ya sa aka tumɓuke ta, liman na tsaye ko tambayarsa bai yi ba. Sannan suka raba izinin jan ruwa da inji har ƙarshen rani. Yau tafkin ya fara zama laka, bazara ko kamawa ba ta yi ba.

Na uku shi ne mai ciwon. Maƙwabcina Ardo Buba, wanda shanunsa ke kwana a gonata bayan girbi suna bar mini taki, ya zo ya ce mini: "Malam, ruwan ga ba shi kai mu damana. Za ni ƙetara Nijar da bisashe." Tsoho ne, da ƙyar yake tafiya, kuma ka fi ni sanin halin da hanyar take ciki.

Roƙona, a tsayar da injuna yanzu, a mayar mana da zaɓen kwamitinmu, a ba makiyaya kujerarsu a rubuce cikin doka. Na kashe nawa injin, amma na mutum ɗaya ba ya tsare tafki.

Ardo ya yarda ya dakata zuwa Juma'a, don na ce masa za ka amsa. Kada ka mayar da ni maƙaryaci a gaban dattijo.

Allah Ya yi maka jagora, Ya sa ka gama da jama'arka lafiya.

Wassalam, daga wanda ya zaɓe ka,
Mamman Isiyaku