Shuɗin Ƙwai a Ɗakin Jego

Assalamu alaikum, Inna.

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahama. Ni ne Sabi'u. Raina a ɓace yake, kuma ke kaɗai nake iya gaya wa.

Bayan rasuwarki na shiga wata sana'a da ba ki sani ba, wai magani da launi. Wani mutum a Bacirawa ya koya mini. Dakta ake ce masa, ko da yake ban taɓa ganin takardarsa ba. Ya ce kore na kwantar da hankali, ja na kore kasala. Na dawo gida na shafe zaurenmu da koren fenti, na shimfiɗa tabarma, na ajiye randa. Tsofaffi in sun taso daga gona sukan zauna su huce, su ce jikinsu ya saki. Na ɗauka na samu abin yi.

Sai Yaya Hadiza ta haifi 'ya mace, aka yi mata huɗuba da sunanki. Ranar kwana huɗu idonta ya yi ɗorawa, ta rage kama nono. Shawara ce, kowa ya gani. Surukar Yaya, Gwaggo Tabawa, ta ce a gidansu jariri ba ya ƙetare ƙofa kafin suna. Na kira Dakta a waya, ya ce ai shuɗin haske ake kunna wa jarirai a asibiti, in kunna mata shuɗin ƙwan da nake da shi.

Inna, ƙwan lantarkin nan a kasuwar Tsanyawa na saye shi, irin wanda masu shayi ke ratayawa. Ni na shafa masa shuɗin fenti da hannuna. Dakta ya sani sarai, don shi ya nuna mini yadda ake yi. Da saninsa ya ce in rataya wa jinjira.

Na rataya. 'Yan barka suna shigowa suna cewa yarinya ta washe, suna sa mini albarka. Har daɗi na ji, kuma wannan ne ke cina har yau.

Washegari da hantsi idona ya faɗa kan kofin da Yaya ke shan kunun kanwa. Ruwan ɗorawa ne, na san shi, amma a hasken nan ya koma wani duhu-duhu. Ashe ƙwan ba ya warkar da komai, ɓoye launin kawai yake yi.

Nan na tuna ki kina ungozoma. Ba kya duba jariri a ƙuryar ɗaki. Sai kin kai shi bakin ƙofa, ki danna goshinsa da babban yatsa, ki ɗaga. Kikan ce, "A hasken Allah ake duba ɗa." Haka na yi. Ɗorawar ta sauka har tafin ƙafarta.

Na ce sai asibiti. Gwaggo ta tare hanya, wai ni da na kawo magani ni ke ƙaryata shi. Yaya kuwa ta miƙe. Ta yafa mayafi, ta karɓi 'yarta, ta raɓa ta wuce. Jarumtarki na gani a ranar.

A asibiti nas ta wanke mu tas, kuma da gaskiyarta. Nasu hasken na'ura ce, sai an ɗebi jini an auna, an rufe wa jariri ido. Ta ce da mun ƙara jinkiri, da abin ya taɓa ƙwaƙwalwa.

Na sake kiran Dakta. Ko lafiyar yarinyar bai tambaya ba. Wai fentina ne bai yi kauri ba! A gari kuma an yanka rago babu mai jego babu jaririya, kuma har yanzu abin da mata ke yi da ni ke nan, wai na lalata taron suna. Taro ake jimami, Inna. Babu wanda ya ce yarinya ta kusa tafiya.

Na kankare ƙwan da wuƙa, yanzu fari ne. Zauren na nan da korensa, mai gajiya ya zo ya huta. Mai ciwo kuwa, tasha nake raka shi ya tafi asibiti.

Jiya aka sallamo takwararki. Na kai ta bakin ƙofa na danna goshinta. Na ɗaga, wurin ya fito fes. Ta buɗe ido ta harare ni irin harararki.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya yafe mini, Ya raya mana ita.

Ɗanki mai kewarki,
Sabi'u