Rantsuwa a Kan Kyamara

Tambuwal, Talata.

Zuwa ga Adda Yelwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Tunda wayarki ta mayar da rashin sabis sana'a, ga takarda.

Kin san na daɗe ina son kyamara don ɗaukar hotunan mata a biki, inda maza ba sa shiga. To, na ga wata ta hannu a intanet, na saya. Mai ita wani Ɗangiwa ne a Kebbe, ya aiko ta a kwali ta hannun ɗan kabu-kabu. Adda, duk wadda na ɗauka sai ta fito baƙa ƙirin da zane-zane, har amaryar maƙwabcinmu Na'iya ta kusa yi mini kuka. Na kira shi, ya ce lafiya lau ta bar hannunsa. Kawu Atiku ya ji, kin kuwa san shi da rigima, ya kai ƙara wurin Malam Giɗaɗo na Kebbe, mai sasanta rigingimu. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki, Ni'imatu.

Tambuwal, Laraba.

Adda Yelwa,

Ina gaisuwa, da fatan zazzaɓin 'yarki Fadima ya sauka. Ni dai jikina lafiya, hankalina ne ba a kwance ba.

Malam ya ce tunda ba mu da shaida, Ɗangiwa zai dafa Alƙur'ani bayan sallar Juma'a cewa kyamarar lafiyayya ya aiko. Tun da na ji nake tsoro. Mun tashi muna jin yadda masu rantsuwar ƙarya ke ƙarewa, wani hauka, wani gobara, wani ko shekara ba ya kaiwa. An ce mini yana da ƙananan yara. In ƙarya ya yi ya halaka, ni na ja shi. Kuma wa ya sani ko ramukan hanyar Kebbe ne suka girgiza ta a bayan babur?

Na roƙi Kawu a janye. Ya ce shi ne wakilina, mace ba ta magana a zauren Malam, kuma janyewa zubar da mutuncin gidanmu ne. Abinci ma ba ya shiga. Ki sa ni a addu'a.

Taki, Ni'imatu.

Tambuwal, Asabar.

Adda,

Sallama da gaisuwa, Allah ya sa kun tashi lafiya.

Na matsa sai da Kawu ya tafi da ni Kebbe jiya. Aka ajiye ni bayan zana wajen mata. Ta kafar zanar na ga Ɗangiwa, wani siriri mai furfura a gemu, yana alwala. Malam ya sa aka ɗauko Alƙur'ani a gafakarsa. Ɗangiwa ya miƙa hannu zai dafa. Ban san lokacin da murya ta fito ba.

"Malam, a bari. Na yafe mishi."

Kawu ya harari zanar, amma Malam ya ce mai haƙƙi ta yi magana, ya mayar da Littafin. Ya ce a kai kyamarar wurin mai gyara a Sakkwato, Ɗangiwa ya amsa cewa gyaran yana wuyansa.

Da na juya sai wata mata ta riƙe mini hannu, yara na rakuɓe a jikinta. Marka ce, matarsa. Ta ce ta kawo su ne su ga ubansu da ƙafafunsa, don ba ta san abin da zai biyo baya ba. Na tambaye ta a hankali ko gaskiya ya faɗa.

"Ko ni matatai ban sani ba," in ji ta.

Kawu bai yi mini magana ba har muka iso gida. Ni ma har yanzu ban sani ba, Adda, kuma ba na son in sani.

Ki shafa mini kan Fadima. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Ni'imatu.