Fankar da Ka Ɗaura wa Akori-kurata

Zuwa ga ƙanena Sale,

Bayan sallama. Na san ba inda takardar nan za ta same ka. Ko da ranka ma ba sauraro kake ba, to me ya canza?

Gida lafiya. Gero ya yi kyau a Roni bana. Motata ce dai ba lafiya tun da muka kai ka makwancinka. In kashe ta da batir cike, in waiwayo ba ko ƙyas. Fis ɗin wutarta kuwa ƙonewa yake kamar ana aikensa. Na sauya batir, ya mutu. Na kai ta Kazaure wurin wani mai wayarin, ya auna altaneta ya ce tana caji lafiya lau. Sai ya cire kan batir ya ɗan goga, ga makulli a aljihuna, wuta ta yi tartsatsi. Ya ce akwai abin da ke shan wuta a ɓoye. Ya bi fis ɗaya bayan ɗaya yana zarewa, tartsatsin bai daina ba sai da ya zo kan wata baƙar waya da aka naɗe da tsumman shuɗiyar rigarka.

Fankarka ce, Sale. 'Yar fankar da ka ɗaura da hannunka, ka ja mata wuta kai tsaye daga batir da ɗan fis ɗinta daban, ka ɗaure wuyanta da noti tana kallon kujerarka kai kaɗai. Shekara da shekaru ina tuƙi zuwa Gwiwa gumi na shiga idona, kai kana gyangyaɗi a iska. Ko sau ɗaya ka taɓa juyo min ita? Yaya ba ya roƙon ƙanensa iska. Amma na riƙe abin, kuma har yau yana nan.

Mai wayarin ya ce wayar ce ta goge tana taɓa ƙarfe, a yanke ta a huta. Ɗana Habu ya rantse in motar ta sake ƙin tashi ranar kasuwar Babura, 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe zai kira su kwashe ta. Ni ban yanke ba. Fis ɗinta na zare na jefa aljihu.

Jiya da azahar, rana tsaka, na fito daga masallaci na ji ƙugi a cikin motar. Gilashi a rufe. Fis yana aljihuna, sai da na shafa na ji shi. Fankar tana juyawa, Sale. Notin da ya yi tsatsa bai kwance ba, amma kujerata take kallo.

Liman ya ce mamaci ba ya dawowa, ban musa masa ba. To wa ya juya ta? Haƙuri kake ba ni, ko kirana kake?

Na shiga na zauna. Iskar da sanyi, irin sanyin ƙasar da aka haƙo daga zurfi. Ban tashi ba sai da batir ya ƙare.

Gobe kasuwa. Filayar yanke wayar na nan kan kujerarka, ba zan ɗauka ba. Habu ya kira wanda zai kira.

Allah ya jiƙanka. In kira ne, ka bari in gama girbi.

Yayanka da bai huce ba,
Mati Direba, Roni