Saniyar Amana da Ta Sa Aka Ɗaure Ƙanena

Zuwa ga Mai Girma Hakimin gundumarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni ne Malam Umaru, mai koyarwa a firamaren garin nan, ɗan rugar bakin gulbi. Na rubuto a fili ne saboda a fili aka wulaƙanta ƙanena Sambo, kuma tun ranar hankalina bai kwanta ba.

Na ɗaya. Mu Fulani muna da al'adar habbanaye: mai dukiya ya ba wanda ya rasa aron saniya, ya riƙa har ta haihu sau uku, 'yan maruƙan su zama nasa, sa'an nan ya mayar da uwar. Kawunmu na wajen Bukkuyum ya yi wa Sambo haka bayan ciwon huhu ya cinye masa garke. Larabar da ta wuce ya kora saniyar zai mayar, hanya ta biyo da shi ta bakin kasuwa. 'Yan banga suka tare shi, suka ga tsagar kunnenta ba irin ta gidanmu ba ce. To, ina za ta zama tamu, alhali ta kawu ce? Ya yi bayani, ba wanda ya saurara. Aka ɗaure magidanci mai 'ya'ya huɗu a gindin tsamiya da igiyar saniyar, daga hantsi har la'asar. Da limamin unguwa bai tsaya masa ba, da yanzu zaman makoki muke.

Na biyu. Ranka ya daɗe, abin bai faro daga Laraba ba. Da raha ya fara. Sambo ya shigo da akuya, a tambaye shi ta wa ya kwanto, a yi dariya, shi ma ya yi. Mai shayi yana da kofi guda da ya ware mana. Innarmu ta shekara talatin tana kai nono gidajen garin nan, har yau a zaure take tsayawa. Ni kaina in an so yabona sai a ce ai Malam ba kamar sauran ba ne. Na daɗe ina haɗiye wannan, ina cewa ba komai. Ashe zolayar da aka yi ta maimaitawa ita ce ta zama shaida a kanmu. Cikin masu ihun ɓarawo akwai samari biyu da ni na koya musu baƙi da wasali. Da na isa wurin suka gan ni, suka kau da kai.

Na uku. An saki Sambo, amma ba a wanke shi ba. Saniyar na nan tsare a gidan Sarkin Kasuwa, mutane kuwa sun ɗauka alfarma aka yi wa ɓarawo. Sambo mutum ne mai surutu da son mutane. Yau kwana shida bai shigo gari ba, ko Juma'a bai zo ba. Yana zaune yana shafa shatin igiya a hannunsa, ba ya cewa uffan. Shirun nan ya fi komai ba ni tsoro.

Roƙona, a kira kawunmu ya shaida dabbarsa a gabanku, a sake ta. Kuma ranar kasuwa mai shela ya faɗi sunan Sambo a gindin tsamiyar nan, ya ce ba ɓarawo ba ne, kowa ya ji kamar yadda kowa ya ji ihu.

A hanzarta, ranka ya daɗe. Dole wata rana ya sake bin hanyar nan, domin babu wata. Ina tsoron a sake kama shi. Na fi tsoron ranar da ba zai tsaya a ɗaure shi ba, sai dai ya rama.

Allah Ya ja zamaninku, Ya ba ku ikon yin adalci.

Wassalam.

Malam Umaru